Amsa ga Alhajin da ya ce mushen lakwal, wato malamin makaranta, bai iya Ingilishi ba

Assalamu alaikum Alhaji.

Da a zaure ka tare ni, da a zaure na ba ka amsa. To, a taron iyayen yara ka miƙe, aka ɗauka a waya ya zaga Maraɗi. Ka ce yaya wanda ya yi karatu da Faransanci zai sa wa ɗanka jan biro a kan "Did you ever go to Kano?", alhali da kunnenka ka ji 'yan Amurka na faɗin haka?

Suna faɗi, ban musa ba. Amma ka duba takardar kuwa? An ce yaro ya tambayi abokinsa ko ya taɓa zuwa Kano a rayuwarsa. Abokin yana raye, gobe ma yana iya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya je. Muddin lokacin bai rufe ba, "Have you ever been to Kano?" ake so. In ya ce e, sai a juya: "When did you go?", domin yanzu rana guda ake nema, wadda ta wuce. "Did you ever" kuwa gurbinta zamanin da ya ƙare: mutum ya zauna Katsina ya dawo, kana tambayar abin da ya yi can, ko kana tambaya a kan mamaci. Mai gyaran takardar BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, da wannan ma'auni zai auna ɗanka, ba da hirar fim ba.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne gorin Faransanci. Ai don mun sha shi muka san inda yaranmu ke tuntuɓe: "passé composé" ɗaya, wato salon faɗin abin da ya wuce a Faransanci, ke ɗaukar duka salon Ingilishin biyu, shi ya sa suke rubuta "I have seen him yesterday". Tsofaffin ɗalibaina suna Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, a tambaye su.

Zancen wai na tsani yaron, wannan ko amsa ba ya buƙata. Sai dai na lura hazaƙarka a nahawu ta tashi daidai lokacin zaɓen shugaban iyayen yara.

Tun 2025 aka sa Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasar nan ta Nijar, amma yara na zaune uku uku a tebur, littafi ɗaya na yawo hannu hannu. Ban ji ka miƙe kan wannan ba. Makin yana nan yadda na sa shi, ajin kuma a buɗe yake ran Litinin ƙarfe takwas.

Wassalam,
Mushen ɗanka