Masu Binciken Tsaron Motoci Ba Ɓarayi Ba Ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya daga farko har ƙarshe, kuma har yanzu raina a ɓace yake saboda maganar da mai gabatarwa ya rufe shirin da ita, cewa malaman jami'a da ke kutsawa cikin kwamfutocin motoci suna wallafa abin da suka gano, sana'a kawai suke koya wa ɓarayi. Wannan kuɗin goro ne da bai dace da gidan rediyo irin naku ba, domin an shafa wa mutanen da ke kare rayukanmu kashin kaji, kuma babu ko mutum ɗaya daga cikinsu da aka gayyato ya kare kansa.

Bari in faɗa muku abin da ya same ni. Na sayi mota ta hannu mai allo a gaba, irin wadda ake haɗawa da waya. A daren farko da na zauna ina latse-latsen allon, sai ga lambobin wayar tsohon mai motar sun bayyana gaba ɗaya, da jerin kiran da ya yi, da adireshin da ya sa wa suna "Gida", da wani asibiti da taswirar ta nuna ya sha zuwa. Mutumin da ban taɓa gani ba, na san inda yake kwana, na kuma san ba shi da lafiya ko wani nasa ba shi da ita. Jikina ya yi sanyi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo daga baya, lokacin da na karanta wani rahoton bincike da ya yi gargaɗin cewa manhajar mota da ke cikin wayar tsohon mai ita takan ci gaba da aiki bayan an sayar da motar. Na bincika, sai na tarar motata tana nan a maƙale da asusunsa, wato watanni ina yawo da iyalina alhali yana iya ganin inda muke, yana kuma iya buɗe ƙofofin daga nesa. Da na je wurin dillalin, ma'aikacin da na samu bai ma san akwai wannan matsala ba. Wanda ya ankarar da ni shi ne irin mutumin da shirinku ya kira malamin ɓarayi.

Da an yi ɗan bincike kafin a hau iska, da an ga yadda waɗannan mutane suke aiki. A 2010 masu bincike daga Jami'ar Washington da Jami'ar Kalifoniya ta San Diego sun nuna cewa wanda ya samu shiga kwamfutocin mota zai iya kashe injinta ko ya hana birki kamawa, a 2011 kuma suka nuna ana iya shigar daga waje, ta Bluetooth ko ta layin waya da ke jikin motar, har ma ta faifan CD. Ba su ambaci sunan motar da suka gwada ba a takardunsu. Shin haka mai koya wa ɓarawo sana'a yake yi? Tushen matsalar kuwa ba su suka ƙirƙiro shi ba. Hanyar da na'urorin cikin mota ke aika wa juna saƙo, wadda ake kira CAN kuma kamfanin Bosch ya fito da ita a 1986, ba ta tantance wanda ya aiko da saƙo, duk umarnin da ya shigo karɓa ake yi. A wancan zamani ba laifi, tunda mota ba ta magana da kowa a waje. Da aka haɗa ta da intanet sai ta zama gida mai ƙofa a buɗe.

Mai gabatarwa ya ambaci labarin Jeep Cherokee na 2015, amma rabinsa ya faɗa. Gaskiya ne Charlie Miller da Chris Valasek sun kutsa motar daga nesa yayin da ɗan jarida Andy Greenberg ke tuƙa ta a babban titi kusa da St. Louis a Amurka, suka kunna rediyo da abin goge gilashi, sannan suka katse giya har motar ta rasa gudu. Abin da aka ɓoye wa masu sauraro shi ne sun sanar da Fiat Chrysler, kamfanin da ya ƙera motar, watanni kafin su bayyana wa duniya, kuma aikin nasu ne ya sa kamfanin ya janye motoci miliyan 1.4 domin toshe ɓarakar. Ni a ganina haɗarin yana wajen rufe bakin masu bincike. A 2013 kamfanin Volkswagen ya samu umarnin kotu a Ingila da ya hana malamai daga Jami'ar Birmingham da Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan wallafa raunin da suka gano a na'urar hana satar mota, takardar ba ta fito ba sai 2015. Raunin bai gushe ba don an hana faɗinsa, masu motoci ne kawai aka bari cikin duhu.

Batun motoci masu tuƙa kansu ma an wuce shi da wasa da dariya a shirin, alhali a 2017 masu bincike sun liƙa 'yan sitika baƙaƙe da farare a kan alamar tsayawa, kwamfuta ta karanta ta a matsayin alamar gudun mil 45. Sirrin direba kuwa ko ambatonsa ba a yi ba, duk da cewa a 2023 gidauniyar Mozilla ta duba kamfanonin mota 25, babu ko ɗaya da ya tsallake ma'auninta na kare bayanan mutane. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 155, wadda tun Yulin 2024 ta wajabta tsarin tsaron intanet ga duk sabuwar mota a Tarayyar Turai, ba ta faɗo daga sama ba, shekarun irin wannan bincike ne suka share mata hanya.



Ina roƙon ku janye waccan magana a shiri na gaba, ku kuma gayyato malami ɗaya mai binciken wannan fanni ya yi wa masu sauraro bayanin yadda ake goge bayanai daga allon mota da yadda ake cire ta daga asusun tsohon mai ita kafin a saya ko a sayar.

Naku,
Mai sauraronku na kullum