Zuwa ga 'yata, sabuwar malamar jami'a

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, innarki da ƙannenki duk suna lafiya. Labarin ɗaukarki aikin koyarwa ya iso mana, har innarki ta yi sadakar waina. Allah ya sanya albarka.

Kin ce bincikenki zai tsaya a kan fadamar Haɗeja da Nguru. To, bari in ba ki abin da idona ya gani. Ina yaro, kakanki kan shiga ruwa da gora da koma, kafin hantsi ya fito da karfasa da tarwaɗa cike da kwando. Ruwa ya malalo da damina, ya janye da rani, mu bi sawunsa mu shuka wake a danshin da ya bari. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Calawa a 1992, sai kogi ya daina bin lokacinsa. Ana sako ruwa rani da damina, hanyoyinsa ba sa bushewa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Bara na je mashigin da muke wanka, na tarar ya toshe ƙaf, ko kwale-kwale bai ratsawa. Jan-baki sun cika ciyawar da sheƙa, da sassafe su tashi su afka wa shinkafar mutane. Na daɗe tsaye a wurin.

Ban ce dam sharri ba ne. Tumatirin Kadawa da ruwan da Kano ke sha daga can suke. Amma ki faɗi abin da awonki ya nuna, ko da bai yi wa mai ba da kuɗin binciken daɗi ba.

Ɗalibanki kuma, kada su san kogi a allo kawai. Ki kai su, su tuɓe takalma su shiga taɓo. Ki fara gaida sarkin ruwa, ki zauna a tabarma ki tambaye shi kifin da ya daina gani. Idan kin rubuta da Turanci don ƙarin girma, ki koma ki faɗa wa masuntan da Hausa, don daga bakinsu kika samu.

In za ki zo hutun Salla, ki taho da kwalaben awonki. Tafkin bayan gari ya yi kore shar tun watan jiya, kuma yara na wanka a ciki.

Mahaifinki.