Wasiƙa Zuwa Maraɗi a Kan Kuɗin da Ba Su da Gwamna

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya, ina neman afuwa a kan shirun da na yi tun Babbar Sallah. Ƙaninka ya isar da saƙonka har da tsokanar da ke ciki, wai ko gaskiya ne na bar sayar da atamfa a Kwari na koma bautar waya. Shago yana nan daram, amma gaskiya ne cewa wani kaso na ribata yanzu Bitcoin, wato kuɗin intanet da ba wata gwamnati ke fitarwa ba, nake saya da shi, kuma gara ka ji dalilin daga bakina.

Ba ka manta da canjin kuɗin farkon 2023 ba, lokacin da aka ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, sannan aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, alhali sababbin ba su wadata ba. Mutane da kuɗinsu a banki suka koma sayen naira da naira a wurin masu POS, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Marigayi Baba ya sha ba mu labarin canjin 1984, muna jinsa kamar tatsuniya, sai ga shi mun gani da idonmu. Ba a gama wannan ba aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa kusan 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Jarina bai ragu a littafi ba, amma turamen atamfar da yake ɗaukowa sun zube. Kada kuma ka yi mini alfahari da sefarku, domin a Janairun 1994 dare ɗaya aka zaftare rabin darajarta, kuma ba a shawarci kowa a kasuwar Maraɗi ba.

Abin da ya ja hankalina ga Bitcoin shi ne ƙidaya. Tun da aka fara shi a 2009 aka ƙayyade cewa ba zai wuce miliyan 21 ba, kuma littafin lissafinsa yana kan dubban kwamfutoci a faɗin duniya, ta yadda babu wani mai kujera da zai wayi gari ya buga ƙari ko ya sa masa ranar mutuwa. A Fabrairun 2021 an hana bankunan Najeriya hulɗa da masu cinikinsa, matasa suka ci gaba da saye hannu da hannu, har aka janye dokar a Disambar 2023. Ita kuwa eNaira, nairar waya da Babban Bankin Najeriya ya kawo a Oktoban 2021, tsohuwar naira ce a sabuwar riga, linzaminta yana hannun da yake.

Na san za ka tuna mini cewa Bitcoin ya faɗo daga kusan dala 69,000 a 2021 zuwa wajen 16,000 a 2022, kuma malamanmu sun saɓa a kan halaccinsa. Duka biyun suna damuna, shi ya sa ban taɓa uwar kuɗin shago ba, kuma ban bar shi a hannun kowane kamfani ba. Kalmomin sirri goma sha biyu da ke zaman mabuɗin asusuna na rubuta a takarda na ɓoye, har uwargida ta tsinta ta zaci laya ce. Ka kuma ja kunnen ƙaninka, domin danna wayar da yake kwana yi yana jiran kyautar kuɗi ba shi ne abin da nake magana a kai ba.

Ka tambayar mini malaminku ra'ayinsa, ka rubuto mini da nawa ake canjin jaka a wurinku yanzu. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Kano