Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Rabon Kayan Taimako Da Kuɗin Sadaka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, ta hannun masu unguwanninmu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu da muka sa hannu a wannan takarda talakawan Sarki ne daga Birni, Zango, Garin Malam, Kara-Kara da Sabon Gari. A cikinmu akwai ƴan awo na kasuwar Dole, masu tsaron ɗakunan ajiya, ma'ajin ƙungiyoyi, masu haƙar rijiya, limamai da shugabannin matan adashi. Kukan da muka kawo shi ne: kayan da bayin Allah ke bayarwa domin mabuƙata sun fara zama ladan biyayya, kuma wanda ya ci amanarsu, in yana da uban gida, ba a tambayarsa.

Tun daminar 2024, wadda ruwanta ya rusa gidaje har ya kai tsohon masallacin Birni ƙasa ranar 3 ga Satumba, gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a garin nan. Wasu na attajirai ne, wasu na ƴan uwanmu da ke nema a Libiya, Aljeriya da Kano suna aiko da kuɗi ta kamfanonin aike. Da yawa suna aiki tsakani da Allah, kuma mun shaida. Don a kare sunan waɗannan ne ma muke roƙon a sa ido.

Ɓarnar tana farawa tun daga jerin sunaye, kafin a ɗora buhu ɗaya a mota. An rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, amma ba a rushe "ɗan gidan wane" ba. Idan mutum biyu ko uku suka zauna da dare a zauren wani babba suka rubuta sunayen waɗanda za a ba, abin da ke fita sananne ne. Gida ɗaya yakan shiga sau uku: da sunan maigida, da sunan uwargida, da sunan ɗan da ke Agadas. Ana samun sunan wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa tun bara. Ita kuwa bazawarar da ke riƙe da marayu, wadda mijinta ya taɓa bin wani ɓangare a zaɓen baya, sai a ce mata ba ta da katin iyali, ta dawo wani karo. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kaso takwas na masu cin zakka, babu mai yi wa mai gidauniya kirari a cikinsu.

Ranka ya daɗe, maganin wannan ba sabon abu ba ne, ƙungiyoyin da suka san aikinsu suna yin sa. A tara mutanen unguwa da rana a ƙofar mai unguwa. A fara yarda da sharuɗɗa kafin a ambaci sunan kowa: gidan da ya rushe, gidan da ba mai nema, mai jinya, mai marayu. A kafa kwamiti biyu, ɗaya mai zaɓe, ɗaya mai karɓar ƙorafi, kada mutum ɗaya ya zauna a duka biyun, kuma a sa mata a kowanne, domin su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. A bar kwana uku na ƙorafi kafin a rufe jerin. Wadda ba ta da takarda, shaidar limami da mai unguwa ta wadatar. Akwai masu kunya da ba za su so a kira sunansu a bainar jama'a ba, waɗannan a ajiye sunayensu wurin limami, a faɗi adadinsu kawai.

Sai batun awo, inda ƙaramin abu ke zama babba. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Mota mai tan 30 tana ɗauko buhu 300. In aka tsiyaye tiya biyu kacal daga kowane buhu aka mayar da ɗinki, ido ba zai gane ba, amma tiya 600 sun tafi, wato buhu 15, abincin gida 15 na wata guda ko fiye. Wani lokacin ba a rage komai, sai a cika da tsakuwa da ƙaiƙayi, ko a sayi tsohon hatsin da ƙwari suka huda a rubuta shi da farashin sabo. Mai awo yana ganewa da zarar ya tsoma hannu: tsohon hatsi yana barin gari a tafi, kuma yana da warin rumbu. Shi ya sa muke roƙon kada a sauke mota sai da sikeli a wurin. A ɗauki buhu ɗaya cikin kowane goma, ba wanda direba ya nuna ba, a auna, a buɗe, a zazzage a kan tabarma. A rubuta takardar shigar kaya da sa hannun mutum uku. Ɗakin ajiya ya zama da kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu da ba dangi ba. Ranar rabo kowa ya zo da tikiti mai lamba, ya dangwala yatsa, a yage rabi a bar rabi. Da yamma a ƙirga gutsattsarin tikiti a gwada da buhunan da suka fita. In sun saɓa, a ranar za a sani, ba bayan wata shida ba.

Rijiyoyin sadaka ma suna buƙatar kulawar Sarki. Kowa ya san garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan famfonmu daga Gogo, Machaya, Arunguza da Ganaram yake zuwa. Haƙa a irin wannan ƙasa ba tare da binciken wuri ba caca ce da kuɗin mamaci. Amma sai a zaɓi wurin foraj, wato rijiyar burtsatse, saboda yana kusa da gidan wani mai faɗa a ji, ba don masana sun ce akwai ruwa ba. Da mita ake biyan mai haƙa, don haka in ba wanda ya tsaya yana ƙirga sandunan da suka shiga ƙasa, ana iya biyan mita 80 a kan ramin da bai kai 60 ba. Ana sa bututu mara kauri, a yi rowar tsakuwar da ke tace yashi, a ƙi yin gwajin jan ruwa na sa'o'i don a ga ko idon yana mayarwa. Ranar buɗewa ruwa na zuba, ana kabbara. Kafin bazara ta biyu famfon ya shaƙi yashi ya ƙone, sai allo mai sunan mai gidauniya ya rage a tsaye. Muna roƙon kada a biya kason ƙarshe na kuɗin aiki sai rijiya ta ƙetare watan Afrilu da Mayu tana ba da ruwa.

Kuɗin bikin rabo kuma abin dubawa ne: hayar rumfuna da kujeru, riguna masu hoton mai gidauniya, man motocin rakiya, masu ɗaukar hoto. Duk daga cikin sadakar ake cira. A sa tsohuwa ta wuni a rana tun hantsi tana jiran babban baƙo, a ɗauki hotonta rungume da buhu a watsa a Facebook da WhatsApp. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan yana ƙona mana rai, domin iyayenmu ne.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984 ita ce ke tsara ƙungiyoyi, kuma dokar zartarwa ta watan Fabrairu 2022 ta ƙara fayyace abin da ke kan ƙungiyoyin agaji, har da miƙa rahoton aiki da na kuɗi ga hukuma. Cin amana laifi ne a kundin hukunta laifuka. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sulhu a kan rikicin al'ada da na mu'amala, kuma muna alfahari da sulhun fada. Sai dai wanda ya karkatar da buhunan marayu ba da mutum ɗaya ya yi rigima ba, balle a ce wancan ya yafe. Abin da ke kashe wa mutane gwiwa shi ne a ga ƙaramin mai tsaron ɗakin ajiya ya kwana a hannun ƴan sanda kan buhu biyu, wanda ya sa hannu kan mota guda kuwa a ce "namu ne, a rufa asiri".

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya umurci masu unguwanni kada su karɓi wani rabo a unguwarsu sai ƙungiyar ta nuna takardar izininta, ta faɗi adadin kayan da wanda ya bayar, kuma an bi tsarin zaɓen da muka bayyana. Muna roƙon kowace gidauniya mai tara kuɗin jama'a ta ajiye su a asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannu biyu, ba a lambar wayar shugabanta ba, ta nemi farashi daga ƴan kasuwa uku kafin ta sayi kaya, kuma bayan kowane rabo ta manna takarda ɗaya a ƙofar mai unguwa: abin da ya shigo, abin da aka saya, abin da aka kashe wajen sufuri da hidima, abin da ya rage. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna kuma roƙon duk ƙorafin da ya zo fada da hujjar sata, a miƙa shi ga mai shigar da ƙara na kotun Damagaram, ko wane ne abin ya shafa, kuma a kare wanda ya kawo ƙorafin daga cire sunansa a rabon gaba.

In Sarki ya amince, muna neman a ba wakilanmu rana a fada tare da limamai, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin kansu, kafin rabon azumi mai zuwa. Za mu zo da sikeli, da tiya, da samfurin tikiti da takardar shigar kaya, a gwada a gaban kowa. Mun aika kwafin wannan takarda ga Gwamnan jihar Damagaram da mai riƙon ragamar birni. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna cikin takardun da ke haɗe, unguwa-unguwa.

Allah ya ja zamanin Sarki.