Godiya ga Alhaji mai shagon tocila na Sabon Gari

Salamu alaikum jama'a. Godiya nake so in yi a gaban kowa ga wani Alhaji mai shagon kayan wuta a kasuwar Sabon Gari nan Kano, ban kama suna ba don ban nemi izininsa ba, amma in ya gani zai gane kansa.

Alhaji, ni ne wanda ya zo maka ran Asabar da kuɗin 'yan sintirin unguwarmu, tocila 12 aka aike ni, kuma dattawa suka kafe lallai sai 'yar gida, wai mun gaji da kai wa China kuɗinmu. Kafin in iso wajenka shago uku na shiga, kowa sai rantsuwa yake tasa 'yar Najeriya ce, wani ma har tuta kore da fari ya nuna min a jikin kwali, saura kaɗan in zaro kuɗi wlh.

Kai kuwa cewa ka yi in zauna tukuna, ka ɗauko irin kwalin nan ka kifa shi ka nuna min wani ɗan mitsitsin rubutu a gindi, Made in P.R.C. Shekara da shekaru ina ganin haruffan nan ashe China ake nufi ban sani ba! Ka kuma nuna min lambobin da ke ƙarƙashin zanen layi-layin nan, ka ce in ta fara da 615 ta Najeriya ce, 690 zuwa 699 kuma ta China, amma kar in ruɗu, lambar inda kamfani ya yi rajista take nunawa ba inda aka ƙera kayan ba. Wannan bayanin kaɗai ya isa kuɗin adaidaitata. Sai maganar SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, cewa kayan da aka yi a gida tambarin MANCAP ake dubawa, na waje kuma takardar SONCAP ake shigo da su da ita.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne da ka ce duk shagonka babu tocilar da za ka rantse an yi ta a nan daga farko har ƙarshe, don ƙwan da batirin cajin daga waje suke zuwa, iyakaci a yi robar a haɗa a nan. Ka ce in dai 'yar gida zalla nake nema sai dai in je wajen yaran nan masu haɗa fitila da faifan CD da katako, muka yi ta dariya, to ai su ma ƙwansu na China ne.

Ƙarshe ka hana ni mai tsadar da idona ya kai kanta, ka ba ni matsakaiciya wadda ake buɗewa a canza mata batir mai lamba 18650 in ya mutu, ba irin wadda aka like ba, ka kunna su ɗaya bayan ɗaya a gabana ka rubuta rasit. Na san ribarka ta ragu ranar.

Dattawa sun ɗan yi ƙunƙuni da na kai musu 'yar China, sai da na kifa kwalin tsohuwar tocilar liman na nuna masa nasa P.R.C ɗin sannan aka yi shiru. Allah ya ƙara buɗi Alhaji, ya albarkaci zuri'a. A ajiye min batir huɗu, zan leƙo bayan Juma'a in sha Allahu.