Zuwa ga aminiyata, daga Maiduguri

Assalamu alaikum aminiya,

Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Ni fa fushi nake da ke. Tun da mutumin naki ya saya miki sabuwar waya kika daina sanin talakawa, ko filashin babu. Da na yi niyyar in share ki, labari ne ya ci ni.

Jiya aka fasa akwatin asusun mata! Matan Bagan nan da nake ba ki labari, waɗanda suka gudo a Janairun 2015 daga su sai kayan jikinsu. Da gwamnatin Zulum ta rufe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a ƙarshen 2021, wasunsu ba su koma ba, suka kama haya a bayan layinmu. Ni ce mai rubuta musu lissafi, ki ji fa, ni da kike ba wa satar amsa a aji.

Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, shi kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Duk Alhamis kowa ta zuba abin da ya sawwaƙa, mai buƙata ta ranta, ta biya cikin wata uku. Ashe ma a Maradi aka fara tsarin a 1991, da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, suna ce masa Mata Masu Dubara. Ni da na ɗauka daga Turai aka kwaso shi.

Da fari wata ƙungiya ce ta zo da rance mai ruwa. Iya, babbarsu, ta ce ta rasa miji, ta rasa gida, ba za ta ƙara da cin riba ba. Aka watse ana ta ƙunƙuni, har ni na ga kamar ta yi mana asara. Yanzu ga ta da injin markaɗe, layi tun asuba. Wata na ɗinkin hula, biyu na tuyar ƙosai, ɗaya kuma ta koma sana'ar gidansu, bandar kifi. Ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumban 2024 ta mayar da su baya sosai, buhunan gyaɗa suka ruɓe, amma suka sake ɗaura ɗamara.

Af, amaryar kawu ta sauka, tagwaye. Uwargida ta yi ta guɗa har muryarta ta dishe, ke dai kin san irin guɗar.

Abin da ke hana ni barci shi ne ƙaramarsu. Ta ranci naira dubu 20 za ta sari gawayi, mijin ya karɓe, wai shi ne mai gida. Jiya da aka kira sunanta sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Iya ta ce a cire a asusun taimako a rufa mata asiri. An cire. To, zagaye na gaba fa? In an ba ta zai sake karɓewa, in an hana ta an hukunta marar laifi. Na ce ko a saro mata gawayin a kai mata ƙofar ɗaki, kada kuɗi ya shiga hannunta, wasu suka ce ai gawayin ma yana sayuwa.

Akwai abin da na so tambayarki tun farko, wallahi ya shige mini. In direban nan zai taho, ki sako mini dankalin Turawa, ba irin ƙananan nan na bara ba. Ki gaida Mama da jiki.

Taki har kullum.