Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni: "In An San Inda Nake, Ina Ruwana?"

Assalamu alaikum Malam,

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo don tattauna yadda ake bin sawun mutane ta wayoyinsu, kai ne mai kira na ƙarshe, lokaci kuma ya riga ya ƙure. Ka ce kai malamin makaranta ne, sannan ka jefo tambayarka: "Ni ba ɓarawo ba ne, ba na zuwa inda bai dace ba. Daga gida sai makaranta. In kamfani ko hukuma sun san inda nake, ina ruwana? Kuma ai da wannan bin sawun ake gano wayar da aka sace." Ina buɗe baki mai gabatarwa ya ce mu yi sallama da masu sauraro. Abin ya tsaya mini a rai har na isa gida, don na san mutane da yawa sun gyaɗa kai suna cewa gaskiyar Malam. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Rabin maganarka na yarda da shi tun kafin ka rufe baki. Da sanin inda waya take ake gano wadda ta ɓata, da shi motar asibiti ke samun wanda ya yi haɗari har ya kasa faɗin inda yake, da shi baƙo ke kai kansa unguwar da bai taɓa takawa ba. Ni ma kullum ina amfani da shi, ban kuma zo in ce ka jefa wayarka rijiya ba. Kan "ina ruwana" ne muka raba hanya.

Mutane da yawa suna zaton maɓalli ɗaya ne, in an kashe lokeshan shi ke nan. Hanyoyin sun fi haka. Akwai GPS, taurarin ɗan'adam na Amurka da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da mu. Wayarka tana sauraron aƙalla 4 daga cikinsu ta lissafa inda take. Tauraron bai san da zamanka ba. Matsala tana farawa ne sa'ad da wata manhaja ta karɓi lissafin ta aika wa wani ta intanet. Akwai kuma Wi-Fi da Bluetooth, waɗanda wayar ke leƙa na'urorin da ke kewaye da ita da su, ta gwada da taswirar da manyan kamfanoni suka tara, ta gane ginin da kake ciki. Sai babbar cikinsu, wadda ba ta da maɓallin kashewa: turakun sadarwa. Muddin akwai layi a waya kuma tana da sabis, dole ta riƙa sanar da turken da ke kusa cewa ga ni nan, in ba haka ba kira ba zai same ka ba. Ko ƙaramar waya mai madannai da ba ta san intanet ba haka take yi. Kamfanin layin kuwa yana rubutawa.

Wani ɗan siyasa a Jamus, Malte Spitz, ya so ya ga abin da aka rubuta a kansa. Sai da ya kai kamfanin Deutsche Telekom kotu kafin a ba shi. Na wata 6 kacal, daga Agustan 2009 zuwa Fabrairun 2010, an samu bayanai sama da 35,000. A 2011 jaridar Zeit ta ɗora su a kan taswira da amincewarsa, kowa ya kalli yadda yake shiga jirgin ƙasa, inda yake kwana, lokacin da yake tashi, ranakun da ya daɗe a waje. Ba a saurari kiransa ko ɗaya ba, ba a karanta saƙonsa ba. Sawu kawai aka bi.

Bayan na karanta labarinsa ne na buɗe tarihin tafiye-tafiye da ke cikin manhajar taswira ta wayata, abin da ban ma tuna na taɓa kunna shi ba. Malam, jikina ya yi sanyi. Na koma shekarar da mahaifina ya yi jinya. Ga layi shuɗi daga gida zuwa asibiti, kullum bayan magariba, mako bakwai a jere. Ga dararen da ban koma gida ba. Sai na zo kan wata Talata, na ga an rubuta na tsaya a gefen titi minti 40, wurin da babu gida babu shago. Na daɗe ina kallon ɗigon kafin na tuna. Ranar ce likita ya kira ni gefe ya faɗa mini gaskiyar ciwon, na fito na tuƙa mota, hannuna ya ƙi tsayuwa, na faka na kifa kai a sitiyari na yi kuka. Ko matata ban faɗa wa wannan tsayuwar ba. Ga ta nan a rubuce, da minti da daƙiƙa, a kwamfutar mutanen da ban sani ba.

Ina laifi a cikin wannan? Babu. Amma nawa ne, kuma ni ya kamata in zaɓi wanda zan faɗa wa.

Ka duba addu'ar da muka fi yi wa juna: Allah Ya rufa asiri. Wa ke jin haushi in an yi masa ita? Ba wanda ke cewa ai ni ba ni da abin ɓoyewa. Mai mutunci ne ya fi kowa amsawa da amin, domin asirin da ake roƙo a rufa ya haɗa da rashin lafiya, da bashi, da saɓanin cikin gida, da neman wani aiki kafin a bar na hannu. Duk waɗannan suna da adireshi. Wanda ya ga kana zuwa asibitin masu taɓin hankali duk ranar Laraba ya san wani abu game da gidanka. Wanda ya ga ka je ofishin lauya sau uku ya san wani. Kai da ka ce daga gida sai makaranta, ka faɗi abu biyu mafi tsada: inda iyalinka ke kwana, da sa'o'in da ba ka gida.

Za a ce maka ai ba a haɗa bayanan da suna, lamba ce kawai. A 2013 wasu masu bincike, ciki har da Yves-Alexandre de Montjoye, sun duba bayanan wayoyin mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, duk an cire sunaye. Suka gano cewa in ka san wurare 4 da mutum ya je da lokutan da ya je, ya isa ka ware shi daga cikin taron a kashi 95 cikin 100. Ba sai an yi dogon lissafi ba ma: wayar da ke kwana a gidanka, ta wuni a makarantarku, ta wa ce? A ƙarshen 2019 jaridar New York Times ta samu wani kundi guda mai ɗauke da alamun wuri sama da biliyan 50 na wayoyi miliyan 12, 'yan jaridar kuma suka bi ɗigo-ɗigo har ƙofar gidajen mutane suka gane su. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya fi damuna, kuma ban samu damar faɗa a rediyo ba, shi ne bayanan ba sa zama inda aka tara su. Haja ce, tana da dillalai. Ka sauke manhajar hasashen yanayi ko ta wasa, ta nemi izinin sanin inda kake, ka danna ka wuce. A cikinta akwai ɗan guntun shiri na wani kamfani dabam da ke kwashe bayanin ya sayar, wanda ya saya ya sake sayarwa. A Nuwamban 2020 kafar Motherboard ta bayyana cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin mutane ke duba lokutan salla da alƙibla da ita, tana cikin masu tura bayanan wuri ga wani dillali mai suna X-Mode, shi kuma yana da masu saye cikin 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. A Janairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta haramta wa dillalin sayar da bayanan zuwan mutane wurare irin su asibitoci da wuraren ibada. Wanda ya danna izini don ya san ina gabas take, ya taɓa zaton nan sawunsa zai bi? Su kansu manyan kamfanonin layi na Amurka, AT&T da Verizon da T-Mobile da Sprint, an ci su tarar kusan dala miliyan 200 a 2024 kan miƙa bayanan wurin masu amfani da layukansu ba da yardarsu ba, ko da yake sun garzaya kotu. Google ma ya biya dala miliyan 391.5 a 2022 don sasantawa da jihohi 40, bayan kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna a 2018 cewa ana ci gaba da adana wurin mutum ko da ya dakatar da tarihin tafiye-tafiyensa.

Game da hukuma, na san ranka na kan kama masu laifi, nawa ma haka. Timothy Carpenter mai laifi ne, an same shi da hannu a fashi. 'Yan sandan Amurka sun karɓi bayanan wayarsa na kwana 127, alamun wuri 12,898, ba tare da takardar izinin bincike ba. A 2018 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce irin wannan sai da takardar, domin tarihin inda mutum ya je yana tona danginsa, da siyasarsa, da addininsa, da abokan hulɗarsa. Kotun ba ta hana bin sawun ɓarawo ba. Cewa ta yi a fara nuna wa alƙali dalili. Ƙofar da aka bari a buɗe don ɓarawo, ita ɗan jarida da ɗan adawa da mai fallasa almundahana za su tarar an shigo musu ta ciki, kuma masu riƙe da makulli yau ba su ne za su riƙe shi gobe ba.

Amma in ka tambaye ni wa na fi tsoro, ba kamfani ba ne, ba kuma gwamnati ba. Da ɗan gari akan ci gari. Wata 'yar'uwata ta rabu da mijinta bayan wahala mai tsawo, ta koma wani gida da mutum uku kawai suka sani. Kwana huɗu sai ga motarsa a bakin layin. Ta sake ƙaura, ya sake bayyana. Ta daina barci, ta fara zargin ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Da ta kawo mini wayar, minti biyar bai cika ba na gani: shi ya saya mata ita, shi ya buɗe mata asusun, kuma tsarin nemo wayar da ta ɓata yana nan a kunne, yana nuna masa ita a taswira dare da rana. Tsarin nan da ka yaba, Malam, shi ɗin dai. Ita ma ba ɓarauniya ba ce. Irin wannan ne ya yi yawa da ƙananan na'urorin bin kaya kamar AirTag, har Apple da Google suka haɗa kai a 2024 don waya ta riƙa gargaɗin mai ita in wata baƙuwar na'ura tana biye da shi.

To me nake so ka yi? Abin da ke hannunka ba shi da wuya. Shiga saitin wayarka, wajen izinin lokeshan, ka karanta sunayen manhajojin da ka ba. Tocila ba ta da abin yi da inda kake, wasa ma haka. Wadda ke buƙata, ba ta izinin lokacin da kake amfani da ita kaɗai, kuma tun daga iOS 14 da Android 12, wato sigogin tsarin da ke tafiyar da waya, kana iya ba da kusan-kusan maimakon ainihin wurin. Hasashen yanayi garinku yake buƙata, ba ɗakinka ba. Goge lambar talla, wato lambar da masu talla ke gane wayarka da ita, ko ka hana a bi ta. Hana kyamara liƙa wuri a jikin hoto, don hoto guda da aka tura da wannan bayanin ya isa ya nuna gida. Ka duba su wa kake raba wurinka da su, ka tabbata asusun wayar naka ne kai kaɗai, da kalmar sirrin da ba wanda ya sani. Tsarin nemo waya kuwa bar shi a kunne, amma makullinsa ya kasance a hannunka.

Ba zan ruɗe ka ba, duk wannan bai taɓa turakun sadarwa ba. Wancan sai doka: ta faɗi tsawon lokacin da kamfani zai riƙe bayanan, ta hana sayar da su, ta ce ba mai karɓa sai da izinin alƙali, ta ba ka ikon neman naka kamar yadda Spitz ya nema. Tarayyar Turai ta ba mutanenta irin wannan ikon neman bayanai da goge su a dokar da ta fara aiki a Mayun 2018. Irin wannan doka ba ta samuwa a inda mutanen kirki ke cewa ina ruwana, shi ya sa tambayarka ta hana ni sukuni.

Kai malami ne, yaran da ke gabanka za su girma da waya a aljihu tun kafin su san me take faɗa a kansu. Roƙona ɗaya: yau da dare buɗe tarihin tafiye-tafiyen da ke wayarka, in yana kunne, ka zaɓi mako mafi nauyi da ka yi a bara, ka bi shi rana-rana. In ka gama, ka sake kiran shirin. Na roƙi mai gabatarwa ya sa ka a farko, mu samu lokacin yin maganar sosai.

Wassalam,
Ɗan'uwanka da ka tambaya.